Mutumin da Ya Zaro Wayar Ƙanensa

Duk wanda ya zura siririyar wayar lantarki a cikin bututu, ya ɗaura guntuwar mai kauri a kowane baki don mai gida ya gani ya yarda, ya fi ɓarawo sharri. Ɓarawo abinka yake ɗauka ya tafi, ka kwana da takaici, gari ya waye ka tashi da ranka. Wannan kuwa wuta ya binne maka a bango, ya yi maka sallama, ka raka shi har bakin ƙofa kana sa masa albarka. An yi wannan aika-aika a garejin gidaje da dama a unguwanninmu, kuma wanda ya yi ta ba ɓoyayye ba ne. Ana ce masa Nan-da-nan, saboda kafin ka gama faɗin abin da kake so ya riga ya fara huda bango. Zan dawo kansa. Ba dominsa na ɗauki biro ba. Na ɗauka ne domin yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ke kira Bayan-hannu, mai haɗa wa mutane wurin cajin mota a gida. Yana shirin ajiye aiki, don gwiwoyinsa sun daina shiri da tsani, kuma ba na son ya sauka shiru kamar yadda ya yi aikinsa shiru.

Ni maƙerin ƙofofin gareji ne. Inda na kafa ƙofa, sau da yawa nan shi ma yake aiki. Abin da zan faɗa, ko na gani da idona, ko na ji daga bakin wanda aka yi a gidansa.

Da sassafe yake fita, akwatin kayan aiki a hannu, naɗin waya a kafaɗa. In ya isa gidan da aka kira shi, mai gida yakan yi sauri ya ɗaga ƙofar gareji, yana shafa sabuwar motarsa mai aiki da lantarki, yana jiran a yaba. Bayan-hannu sai ya gaishe shi, ya ce motar ta yi kyau, Allah ya tsare, sannan ya nemi izinin ganin kicin. Na sha ganin fuskar maza ta canza a nan. Wani ya taɓa ce masa motar fa a gareji take, ba a cikin tukunya ba. Ya amsa masa da cewa ya sani, amma wutar da motar za ta sha, da uwargida za su raba, kuma bai taɓa ganin gidan da aka yi rabo ba tare da an tambayi uwargida ba aka zauna lafiya.

Yakan tsaya daga bakin ƙofar kicin ya tambayi matar gidan yaushe take guga, yaushe ake kunna hita, ko akwai injin jan ruwa, ko firjin guda ne ko biyu. Sai ya sa a kunna su duka a lokaci ɗaya, ya je gaban allon da wutar gidan ke rarrabuwa, ya auna da na'urarsa. In gidan ba zai ɗauki mota a kan abin da yake ɗauke da shi ba, yakan faɗa kai tsaye, ya ce sai an gyara tushe kafin a yi maganar gareji. Dalilinsa ba mai wuyar ganewa ba ne. Dutsen guga yakan ja wuta ya huta, ya ja ya huta. Mota kuwa in ta kafa baki ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi, kuma kafin ta ƙoshi an daɗe. Wayar da za ta yi haƙuri da guga ba lalle ta yi haƙuri da mota ba.

Bayan kicin sai gareji. Nan ma yana da wata tambaya da ba na jin ta a bakin kowa. Yakan ce wa mai motar ya fita da ita ya dawo ya ajiye ta yadda yake ajiyewa ranar da ya gaji, ba yadda yake yi in surukai suna kallo ba. Inda bakin cajin ya tsaya, kusa da nan yake kafa akwatin cajin a bango, sama da inda hannun yaro zai kai, don kada igiyar ta ratsa ƙasa inda ake wucewa da bokiti da keken yara. Yakan ja wa motar layinta ita kaɗai tun daga allo, da bireka tata, wato abin da ke katse wuta in ta wuce ƙima. Yakan kafa ƙarfe a ƙasa ya ɗaura masa wayar da ke zubar da wutar da ta ɓace hanya. Inda bututun zai juya kwana, ba ya karya shi. Lanƙwasa shi yake yi a hankali, ya yi baka mai faɗi, ya kama shi da maɗauri kafin kwanar da bayanta. Duk wanda ya san aiki, in ya hangi wannan lanƙwasa a jikin bango, ya san daga hannun da ta fito.

Ba ya cewa ya gama ranar da ya gama. Yakan dawo wata rana, lokacin da motar ta daɗe a jone, ya bi bututun daga allo har akwati yana ɗora masa bayan hannunsa. 'Yan sana'ar wuta sun san dalili: tafin hannu in wuta ta ja shi damƙewa yake, baya kuwa ture kansa yake yi. Shi ya ƙara da cewa tafinsa ya yi kanta, ba ya jin komai, amma bayan hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. In ya ji sanyi tun daga farko har ƙarshe, sai ya ce wa mai gida ya kwana lafiya. Daga nan sunan ya samo asali.

Shi ya koya wa ƙanensa aiki, tun daga riƙon filaya. Shago ɗaya suke, har lokacin da motocin lantarki suka yawaita, kowa yana son a haɗa masa yau yau. Ƙanen ya ce Yaya ya cika nawa, aikin wuni ɗaya sai ya mai da shi ziyarar dangi. Ya ware ya buɗe nasa. Mutane suka bi shi, don mutanen yanzu sun fi son a gama musu da a yi musu. Kuma da yawa sun kira shi ne da tunanin ai duk gida ɗaya ne, hannun Yaya da na ƙane ba su da bambanci. A jikin bango ma haka abin yake, lanƙwasar iri ɗaya ce.

Akwai wata baiwar Allah mai jigilar yara zuwa makaranta da ƙaramar bas mai lantarki. Da ita take ci da gidanta. Mahaifinta yana wurinta, tsoho ne da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya tashi sai an ɗaga shi, kuma ɗakinsa bango ɗaya ne da gareji. Wata rana da hantsi ina gyara mata ƙofa, motar tana jone bayan ta dawo daga kai yara, sai take ba ni labari tana dariya. Ta ce Baba ya sa an tura gadonsa ya manne da bango, wai tun da aka haɗa cajin nan bangon ke yi masa ɗumi, bayansa ya daina ciwo. Ta ce sun sayi mota an ba su hita a matsayin gyara.

Ni ban san wuta ba, amma na yi aiki kusa da Bayan-hannu har na san cewa bangonsa ba ya ɗumi. Na kira shi. Ya zo, ya gaisa, ya ɗora bayan hannunsa a bututun, ya janye da sauri. Nan take ya je ya kashe wutar daga allo. Sannan ya roƙi matar a janye gadon tsohon. Tsohon ya ƙi, ya ce shi da bangonsa sun saba, a bar su. Bayan-hannu ya durƙusa gefen gadon a kan gwiwoyin nan nasa marasa lafiya.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce. "Abokin nan naka ba mutumin kirki ba ne."

"Kai ka san shi?"

"Ina jin tsoron na san wanda ya haife shi."

Ya buɗe akwatin cajin, wayar mai kauri ce. Ya buɗe wajen allo, mai kauri ce. Sai ya kwance ta ya fara ja. Kamar kamu ɗaya ta fito lafiya. Daga nan sai ga ƙulli an naɗe da baƙin salatif, bayan ƙullin kuma wata siririyar aba, irin wadda ake ja wa fitila. Robar jikinta ta narke ta manne, wani wurin jan ƙarfen a fili yake, ya yi baƙi. Warin ya cika garejin. Matar ta daina dariya. Ya daɗe yana kallon kwanar bututun, lanƙwasar nan mai faɗi da maɗauri gaba da baya. Matar ta ce masa ai ƙanensa ne ya yi aikin, kuma saboda sunansa ta kira shi. Ya ce ya gani.

A ranar ya sake mata layin. Tsohon ya yi ta mita cewa an raba shi da bango mai zumunci an bar shi da mai rowa, har 'yarsa ta samo masa robar ruwan zafi ya yi shiru. Wannan gida ya tsira. Abin da ya hana Bayan-hannu sukuni shi ne sauran. Gida nawa ne, kuma ina suke?

Babbar yayarsu ce ta tara su a falonta, ita ce ta riƙe su bayan rasuwar iyayensu, kuma har yau in ta yi magana ba mai katse ta. Matar Bayan-hannu ce ta ba ni labarin zaman, kuma shi bai musa ba. Ƙanen ya fara da cewa gida ɗaya ne, waya ce ta ƙare masa ranar. Da aka matsa ya ce ƙila biyu. Da aka ƙara matsawa ya ce shi ba ya riƙe irin waɗannan abubuwa a ka. Har ya samu bakin ba'a, ya tambayi yayansa ko ya ji an yi gobara a wani wuri, ko kuwa bayan hannun ne ya fara duba. Yayar tasu ta tsawata masa, sannan ta juya ga babban. Ta ce an gyara, Allah ya kiyaye, a bar maganar a cikin ɗakin nan. Ta tuna masa cewa nono ɗaya suka sha, kuma yaron nan yana da mata da 'ya'ya, in aka karɓe masa sana'a me za su ci. Ta ce ya rufa masa asiri.

"Yaya," in ji Bayan-hannu, "in na rufa masa asiri, da bangon mutane zan rufa. Kuma akwai masu barci a bayan bangon."

Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne mutane ba su sani ba, shi ya sa wasu suke ce masa marar tausayi. Ya buɗe wa ƙanensa ƙofa. Ya ce su fita tare gida gida, shi ƙanen ya ƙwanƙwasa ya faɗi abin da ya yi, shi kuma ya riƙe masa tsani su gyara. In an gama su je gaban ƙungiyar masu aikin wuta tare, zai tsaya kusa da shi ya roƙa masa sassauci. Ƙanen ya ce shi ba zai je ya zubar da mutuncinsa a ƙofar kowa ba. Ya ɗauki makullinsa ya fita.

To, sai babban ya je ya zubar da nasa.

Tunda an ƙi gaya masa gidajen, sai ya shiga bin layi layi yana kallon bango. Duk inda ya hangi lanƙwasar gidansu a gefen gareji, sai ya tsaya ya yi sallama. Ku tsaya ku auna wannan. Dattijo mai furfura, wanda bai taɓa cutar kowa ba, yana tsaye a ƙofar baƙo yana cewa mai yiwuwa an binne muku wuta, kuma wanda ya binne ni na koya masa aiki. Wasu sun rungume shi. Wasu sun wanke shi tas. Wani ya ce dabara ce ta neman aiki, 'yan gida ɗaya sun haɗa baki, ɗaya ya ɓata ɗaya ya gyara. Wani ya rufe masa ƙofa, shi kuwa ya tsaya ta waje yana roƙo cewa ko ba za a bar shi ya shiga ba, don Allah kada a jona motar sai wani ya duba, ko wane ne.

Kuma lanƙwasar ba ta faɗin wanda ya yi ta a cikin su biyun. Akwai gidajen da aka sayar, sababbin masu su ba su san wanda ya yi aikin ba, shi ma shekaru sun sa ya fara shakka. Inda duk bai tabbata ba, zarowa yake. Sau da dama wayar da ta fito tasa ce, mai kauri daga kai har gindi, sai ya mayar da ita ya ba da haƙuri ya wuce. Na tambaye shi ko ba ya jin haushin wahalar banza. Ya ce ranar da ya zaro ya ga tasa ce, ranar yake cin abinci da daɗi.

Babbar 'yarsa ce ta hau masa tsani a wannan zagaye. Matar aure ce da 'ya'yanta, ta koyi aikin a hannunsa tun kafin ta yi aure, kuma ta fi shi kaifin baki. Ita ke tsokanarsa cewa Baba ya zama mai duba lafiyar bango, saura a ba shi farar riga. Mai bas ɗin yara kuma ta baza magana a cikin direbobi, har mutane suka fara zuwa da kansu. Da ya ga cewa ƙanen bai daina karɓar sabon aiki ba, sai ya ɗauki guntun wayar da ta narke ya kai wa ƙungiya da hannunsa, ya faɗi sunan wanda ya yi. Yayarsu ta daina amsa gaisuwarsa.

Ana cikin haka ya isa gidan ɗan yayar tasu, wanda shi ma ƙanen ne ya yi masa aiki, kuma garejinsa na ƙarƙashin ɗakin yara. Ɗan ya yi dariya ya ce haba Kawu, ai nan gida ne, ba za a yi mana haka ba. Bayan-hannu ya ce shi ma fatansa ke nan, amma a bar shi ya ja. Ya ja. Kamu ɗaya, sai ƙulli.

An kai wa yayar guntun wayar ta riƙe a hannunta. Washegari ta zo shagonsa da kanta, ta zauna a benci, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta yi masa faɗa a kan ramar da ya yi. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta sauka daga ra'ayinta ba. Har gobe tana cewa da ya gyara gidajen ya bar ƙungiya, ɗan'uwa ɗan'uwa ne. Shi kuma yana cewa da ya bari, da yana zarowa ta gaba ana zurawa ta baya. Suna wannan gardama suna shan shayi. Matar ƙanen da 'ya'yansa kuwa, ba su rasa komai ba a cikin wannan hali, kuma ba sai na faɗi ta hannun wa ba.

Ko gida ɗaya bai ƙone ba. Ku riƙe wannan, don irin aikin nan ba ya barin abin nunawa. Mai kashe gobara ana ganinsa ana tafa masa. Wanda ya hana ta tashi, abin da zai nuna kawai shi ne gida yana tsaye kamar jiya.

Kai ne wannan, Bayan-hannu. Kai ne wanda aka ba zaɓi tsakanin kunyar gidanku da rayukan mutanen da ba ka ma san sunayensu ba, ka ɗauki kunyar ka ɗora a kanka ka bi gari da ita. Kai ne ka tambayi matan gida abin da mazansu ba su taɓa tambayarsu ba. Kai ne ka durƙusa wa tsoho kana lallashinsa ya rabu da bango. Ba ka tsani ƙanenka ba, na ga idonka ranar da ka dawo daga ƙungiya, kuma ba zan faɗi abin da na gani ba don kada ka ji nauyi. Sannu, mai sanyaya bango. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Sana'ar ba ta mutu da saukarka ba. 'Yarka ta karɓi akwatin kayan aikin, kuma ta zo da nata tsari. Kafin ta zura waya a bututu, takan shimfiɗa ta gaba ɗaya a ƙasan gareji, ta kira mai gida da matarsa su bi ta da ido daga wannan baki zuwa wancan, su taɓa, sannan ta zura a gabansu. Da farko sauran 'yan sana'a sun yi mata dariya, suna cewa ta mai da aiki baje koli. Yanzu masu gidaje ne da kansu ke cewa duk wanda zai yi musu aiki ya shimfiɗa tukuna, kuma masu dariyar suna shimfiɗawa. Na ga matasan ma'aikata suna neman ganin kicin kafin gareji. Na ga wani yana bin bututu da bayan hannu, yana waige kada a ce yana kwaikwayo. Ya kwaikwaya, babu laifi.

Ku masu gidaje, ku daina yaba wa mutum don ya gama da wuri, ku tambaye shi abin da ya sa a inda ba kwa gani. In bangonku ya yi ɗumi, kada ku yi murna, ku kashe wuta ku kira wanda ya sani. Ku 'yan sana'a, ko wace iri ce, maƙera irina da magina da masu famfo, kowannenmu yana da bututun da ba mai leƙawa. Ku sa a ciki abin da za ku yarda a zaro a gaban 'ya'yanku. Ku kuma iyaye da yayye masu cewa a rufa asiri, ku fara tambaya da me za a rufa, kuma wa ke kwance a ƙarƙashi.

Shi kuwa Nan-da-nan, ƙungiya ta kira shi, ta shimfiɗa masa wayoyin da aka zaro a kan tebur, bai musa ko ɗaya ba. An karɓe takardar izininsa. An rufe shagonsa. An hana shi taɓa wayar gidan kowa muddin ransa.